Haɗi na Goma Sha Bakwai

Ƙarfe uku na dare a Hartlepool.
Ruwa na ƙwanƙwasa rufin masana'anta,
ni ina durƙushe cikin farar rumfa,
safar hannu biyu, hula har gira,
kamar ungozoma a gaban naƙuda.

Abin da nake tarba ba ya kuka.
Kaurinsa ya kai cinyar ɗan dambe:
jan ƙarfe uku a tsakiya,
roba ta rufa musu asiri,
dalma ta rufa wa roba,
sannan wayoyin ƙarfe suka murɗe a kai
kamar kitson mai tafiya nesa.

Jibi jirgi zai zo ya ɗauke shi
a nannaɗe, gammon ƙattan farko,
ya shimfiɗa shi a gindin Tekun Arewa
inda rana ba ta taɓa leƙawa ba,
ya kai wuta wani garin ƙarfe
da ke tsaye cikin ruwa yana tatsar mai.

Aikina haɗi ne.
Bakin wannan da bakin wancan,
in sasanta su har su manta an taɓa raba su.

Babana, Na'ibi mai igiya, can Ɗambatta,
a cinya yake tufkar rama, yana tofa yawu a tafi.
Ba ya kai igiya kasuwa
sai ya ɗaura ta a reshen tsamiya
ya lilu da dukan nauyinsa.
Yakan ce igiya ba ta tsinkewa a gaban mai saye,
sai guga ya cika, ya zo rabin rijiya.

Daren nan, a haɗi na goma sha bakwai,
gumi ya sulalo ta ƙarƙashin hulata.
Ɗigo ɗaya, bai kai ƙwayar gero ba.
Na ga faɗuwarsa,
amma hannu ya riga ido magana,
na naɗe roba a kai.

Babu wanda ya gani.
Na'urar gwaji ma ta iya cewa lafiya lau.
Irin wannan ɓaraka ba ta gaggawa,
daga gefe take cin tuwonta,
shekara uku, shekara biyar,
sai wani dare mai iska ta ce ga ni.

Awa talatin da ɗaya na zuba a haɗin nan.
Jirgin da ke tafe, da awa ake biyansa.
Kwantiragina saura wata biyu,
kuma alƙalamin yana aljihun Pattison.

Sai Doreen mai tuƙa ƙugiya
ta ajiye min shayi a bakin rumfa.
Ta nuna min hoton Kieran a waya,
ɗanta, cikin jar riga, teku a bayansa:
sati biyu a ruwa, ta ce, sannan ya zo ya cinye min firiji.

Shayin ya huce ban sha ba.

Pattison bai gode min ba.
Ya shafa sanƙonsa, ya zagi ruwan sama,
ya zagi jirgin, ya zagi uwar agogo,
sannan da kansa ya ɗauko zarto.

Tufka da warwara, in ji mutane.
Babana ce mata yake karin kumallo.

Da gari ya waye, tsuntsayen teku na rigima a kan shara,
ƙanwata Furera ta kira ni.
Kwana huɗu ba su ga wuta ba,
a shagon mai caji take tsaye.
Yaya, ta ce tana dariya,
ku da ke kai wa kifaye lantarki,
yanko mana kamu ɗaya mana.

Guntun da aka yanke yana gefen ƙafata,
ya fi jariri nauyi.
Na ce mata wannan ba na kyauta ba ne.
Na wanke hannu har gwiwa,
na sake hula,
na koma na fere bakin farko.